Lambobin Gado: Alfijir, Alƙibla da Kwamfuta a Tamanrasset

A cikin takardar saiti da ke zuwa tare da PHP, harshen da aka gina ɗimbin shafukan intanet na duniya da shi, akwai lambobi biyu da yawancin masu aiki da harshen ba su taɓa tsayawa sun duba ba: 31.7667 da 35.2333. Ta farko nisan wani wuri ce daga layin tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu kuma nisansa daga layin Greenwich zuwa gabas. In aka aza su a kan taswira, yatsa zai sauka a Birnin Ƙudus. Shekara da shekaru, duk wanda ya tambayi PHP lokacin fitowar rana ko faɗuwarta ta hanyar date_sunrise ko date_sunset, bai kuwa faɗi garin da yake nufi ba, amsar Ƙudus yake samu, ba gargaɗi, ba tambaya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin harshen. Rasmus Lerdorf ne ya fitar da shi a 1995, amma ɗalibai biyu na jami'ar Technion da ke Haifa, Andi Gutmans da Zeev Suraski, su suka sake gina zuciyarsa a 1997. Sai a bugu na 8.1, a 2021, aka ayyana umarnin biyu a matsayin waɗanda za a daina, aka tura mutane ga date_sun_info, wanda ba ya amsawa sai an ba shi wuri.

Tsakanin Ƙudus da Tamanrasset akwai kusan digiri 30 daga gabas zuwa yamma, kowane digiri kuwa minti huɗu ne a juyawar duniya. Ke nan jadawalin da aka gina a kan waɗancan lambobi zai sanar da magariba a kudancin Aljeriya da saura kusan awa biyu rana ta faɗi. Kuskure mai girma irin wannan ba ya cutar da kowa, domin ko yaro ya ɗaga kai zai ga rana tana nan. Abin tsoro shi ne 'yan'uwansa ƙanana, masu minti biyar da minti goma, waɗanda ido ba ya kamawa.

Tamanrasset gari ne da ya dace a yi wannan magana a cikinsa. Yana kwance a tsaunukan Ahaggar, kusan mita 1,400 sama da teku, kimanin kilomita 1,900 daga babban birnin ƙasar, a kan hanyar da ta ratsa Sahara ta In Guezzam da Assamaka da Arlit da Agadas har Kano. A kasuwanninsa, musamman lokacin baje kolin Assihar, ana jin Tamashek da Larabci da Faransanci, ana kuma jin Hausa a bakin fatake da leburori da teloli da suka haura daga Damagaram, Tawa, Maraɗi da arewacin Najeriya. Baƙo a irin wannan wuri yana jingina da wayarsa fiye da yadda yake yi a gida. A gida ya san muryar ladanin unguwa, ya san inda inuwa take kaiwa a bangon masallaci in la'asar ta yi. A tsakiyar hanya kuwa, ko a wurin aikin gini a bayan gari, waya ce ladani, ita ce kamfas, ita ce kalanda. Waya kuma ba ta da ido. Lambobi take da su, waɗanda wani ya ajiye mata.

Duk harshen rubuta manhaja yana zuwa da irin wannan gado. Kafin mai rubutu ya buga harafi ɗaya, akwai sunayen da ke jiransa. Wasu tsayayyu ne, ba a taɓa su, kamar M_PI da PHP_VERSION da PHP_INT_MAX a PHP, ko True da False da None a Python, ko Math.PI a JavaScript. Wasu ma'ajiyu ne na gama-gari da kowane lungu na manhajar yake iya leƙawa, abin da ke cikinsu kuma yana sauyawa daga baƙo zuwa baƙo, kamar $_GET da $_POST da $_SERVER. Ɗalibi a jami'ar Tamanrasset ko a Jami'ar Bayero zai haddace su a makonnin farko, a gwada shi a kansu, ya ci. Tambayar da ba a cika yi masa ba ita ce mafi nauyi: wannan abin da ka tarar a tsaye, me ya tsayar da shi?

Tambayar tsohuwa ce, kuma ɗan Aljeriya ne ya ba ta tsarin da Hausawa suka fi sani. Muhammad bin Yusuf al-Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, shi ne marubucin Ummul Barahin, ɗan ƙaramin littafin tauhidi da almajirai suka yi ƙarni da ƙarni suna karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato. Zamaninsa ɗaya, garinsu ɗaya da Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Tuwat, ya bi ta Abzin, ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A cikin Muƙaddimat ɗinsa, Sanusi ya kasa hukunci gida uku. Akwai na hankali, wanda ba ya jiran gwaji ko umarnin kowa. Akwai na al'ada, wato haɗa abu biyu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna, alhali mai yiwuwa ne haɗin ya saɓa. Akwai kuma na shari'a, wanda yake zuwa daga Mai Shari'a. Malamai sun san wani abu na huɗu da ba ya cikin waɗannan, wato isɗilahi, abin da mutane suka daidaita a kansa don aiki ya tafi. Aibin harsunan kwamfuta shi ne sun sa wa dukkan huɗun riga ɗaya. Manyan baƙaƙe ne duka, layi ɗaya suke a littafin koyarwa, ba abin da ke nuna wanne ne ya fito daga ina.

Na hankali ya fi sauƙin ganewa. Dangantakar kewayen da'ira da faɗinta ba ta san Aljeriya ko Najeriya ba, ba ta kuma jin tsoron hukuma. A 1897 majalisar wakilan jihar Indiana a Amurka ta amince da wani ƙudiri da wani likita, Edward Goodwin, ya kawo, wanda in an bi lissafinsa lambar za ta zama 3.2. Majalisar dattawan jihar ta jingine shi, da'ira kuwa ko a jikinta. Sai dai ko a nan akwai abin lura. M_PI ba ita ce lambar ba, guntunta ce, domin kwamfuta tana riƙe abin da bai wuce lambobi 15 zuwa 17 ba ta yar da sauran, ita kuwa lambar ba ta da ƙarshe. Duk wanda ya tambayi Python ko JavaScript jimillar 0.1 da 0.2 zai ga 0.30000000000000004. Hankali bai yi kuskure ba, ma'ajiyar ce ta gaza.

Har gaskiya da ƙarya ma sun taɓa zama abin hannu. A Python na 2, mai rubutu yana iya cewa True ta zama False, harshen kuma ya karɓa. Sai da Python na 3 ya fito a Disambar 2008 aka kulle sunayen biyu. A JavaScript ma an yi shekaru ana iya cusa wa undefined duk abin da aka ga dama, har zuwa ƙa'idar 2009. Wanda ya yi haka bai canza gaskiya ba, ya dai raba suna da ma'anarsa, duk wanda ya zo bayansa kuma ya faɗa rami. Masu harsunan sun gane cewa akwai sunayen da bai kamata a bar su a hannun kowa ba, kuma sun yi daidai.

Hukuncin al'ada ne ya fi yawa a cikin manhajar salla, a nan ne kuma Tamanrasset take da abin faɗa. Kusan kowace irin wannan manhaja tana ɗauke da lamba 0.833. Ma'anarta ita ce, a lokacin da ido ya ga gefen rana na sama ya ɓace, tsakiyarta ta riga ta nutse ƙasa da sararin gani da wannan gwargwado na digiri: kashi 16 cikin 60 saboda rabin faɗin ranar, kashi 34 cikin 60 saboda iska tana lanƙwasa haske. Wannan 34 ɗin matsakaici ne da aka ɗauka don iskar bakin teku mai matsakaicin zafi. A Ahaggar iska ta fi sauƙi, zafin rana da sanyin dare kuma suna nesa da juna, don haka lanƙwasar ba za ta zama ɗaya ba kullum. Wasu manhajojin suna ƙara wani gyara saboda tsayin wuri, wanda a mita 1,400 zai jinkirta magariba da kimanin minti biyar ko shida. Amma wannan gyaran an yi shi ne don mutumin da ke tsaye a ƙololuwa yana hangen teku a ƙasansa. Mazaunin tudu mai faɗi, wanda duwatsu suka kewaye, sararin ganinsa ya hau tare da shi. Lissafin daidai ne a wurin da aka yi shi dominsa, a Tamanrasset kuwa sai an tsaya an duba.

Maganar alƙibla ta fi wannan daɗin bi. Ka'aba tana kusan digiri 21.4 arewa, Tamanrasset tana kusan 22.8, wato Makka ta ɗan fi ta kudu. Mai kallon taswirar bango zai ce a fuskanci gabas a ɗan karkata dama. Lissafin gajeriyar hanya a kan dunƙulalliyar duniya kuwa ya ce akasin haka: kusan digiri 86 daga arewa, gabas da ɗan karkata hagu. A Kano kusan 68 ne. Wannan lissafi ne tsantsa, ba ya motsi. Matsalar tana wajen kamfas, domin allurarsa ba arewar gaskiya take nunawa ba, maganaɗisun duniya take bi, shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

A cikin Tamanrasset akwai tashar da aka kafa a 1932 don auna wannan maganaɗisu, tana ƙarƙashin cibiyar binciken taurari da ƙasa ta Aljeriya, CRAAG, tana kuma cikin ƙungiyar tashoshi ta duniya da ake kira INTERMAGNET. Sama da shekara casa'in ke nan ana rubuta yadda abin da matafiyi yake ɗauka tsayayye yake gusawa kaɗan-kaɗan. Daga awon irin waɗannan tashoshi da na taurarin ɗan'adam ake haɗa jadawalin da wayoyi suke gyara kamfas ɗinsu da shi, wanda hukumomin Amurka da Ingila suke sabuntawa duk shekara biyar. A farkon 2019 sai da aka fitar da gyara kafin wa'adi, saboda kusurwar maganaɗisu ta arewa tana gudu zuwa Siberiya fiye da yadda aka yi hasashe. A cikin waya, waɗannan lambobi zaune suke kamar kowane tsayayyen abu. A zahiri suna da ranar lalacewa. Da Sanusi zai ga haka, ba zai yi mamaki ba, tunda abin da ya karantar ke nan: maimaituwa tana ba da dogaro, ba ta ba da wajibci. Ma'aikatan da ke karanta na'urorin tashar nan suna yi wa wannan magana hidima, ko da ba da sunanta suke aiki ba.

Sai wurin da abin ya fi zafi, inda isɗilahi yake shiga rigar shari'a. Alamar asuba a fiƙihu ita ce alfijir na gaskiya, farin da ke bazuwa a kwance a gabas. Babu digiri a cikin wannan hukunci. Masana taurari ne suka ƙiyasta nisan rana a ƙarƙashin sararin gani lokacin da farin yake bayyana, ba su kuma haɗu a kan lamba ɗaya ba. Tsarin Rabiɗa ta Duniyar Musulmi ya ɗauki 18, na Masar 19.5, na Ummul Ƙura 18.5, wani tsari da ya yaɗu a Arewacin Amurka kuma 15. A Tamanrasset kowane digiri ya ɗan haura minti huɗu. Tsakanin 18 da 19.5 akwai minti shida zuwa bakwai, tsakanin 15 da 18 kusan minti 13. Mutum biyu a ɗaki ɗaya cikin Ramadan, ɗaya ya ajiye cokali ɗaya yana ci gaba da sahur, kowa yana cewa wayarsa ta faɗa. Ba wayar ce ta faɗa ba, wani ne ya zaɓa musu, bai kuma gaya musu ba. Haka la'asar. A cikin lissafin akwai wata lamba da take zama 1 ko 2. In 1 ce, ra'ayin Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya ne, inuwa ta ƙaru da tsayin abu sau ɗaya. In 2 ce, mashahurin ra'ayin Hanafiyya ne. Mazhaba guda ta koma lamba ɗaya a ƙasan rubutu, Bamalike daga Maraɗi kuwa zai iya yin wata yana jinkirta la'asar da kusan awa guda, don kawai manhajar tasa an rubuta ta ne da mutanen wata ƙasa a zuciya.

Kalanda ma haka take. Sashen kalanda na PHP ya zo da tsayayyun sunaye huɗu: CAL_GREGORIAN, CAL_JULIAN, CAL_JEWISH da CAL_FRENCH. Na ƙarshen kalandar juyin juya halin Faransa ce, wadda Napoleon ya soke daga farkon 1806. Ta Hijira ba ta ciki, sai an bi ta wani sashe dabam, a can kuma za a tarar da fiye da iri ɗaya, akwai ta lissafi tsantsa, akwai ta Ummul Ƙura. Babu ɗaya daga cikinsu da ta san abin da kwamitin duban wata na ma'aikatar harkokin addini ta Aljeriya zai sanar a daren shakka, balle abin da Sarkin Musulmi zai faɗa daga Sakkwato.

Kada a ɗauka cewa isɗilahi abin zargi ne. Ba a rayuwa sai da shi. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo ɗaya da na waccan ba, ciniki kuma yana tafiya lafiya muddin mai saye da mai sayarwa sun san da wanne ake awo. Kwamfutoci suna ƙirga lokaci daga 1 ga Janairu 1970, zaɓin masu gina Unix, kuma waɗanda suke ajiye ƙirgen a ƙaramar ma'ajiya za su cika ranar 19 ga Janairu 2038. Kalandar Hijira kanta zaɓi ce. A zamanin Halifa Umar bin Khaɗɗab aka zauna aka yi shawara aka ɗauki shekarar hijira ta zama mafari. Bambancin shi ne Musulmi sun adana labarin wannan zaɓi, sun san wa ya yi shi, sun san dalili. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi, wadda ba ta karɓar magana sai ta ji daga bakin wa ta fito, bai dace ta karɓi lambar da ke hukunta azuminta ba tare da ta tambayi asalinta ba.

Masu PHP sun koyi wannan darasi da wahala a wani fage. A farkon harshen, duk abin da baƙo ya rubuta a adireshin shafi yana zama ma'ajiya kai tsaye a cikin manhajar. Ɓarawo yana iya liƙa kalma ɗaya a ƙarshen adireshi da ke cewa an tantance shi, manhajar da ba a rubuta da kula ba kuma ta buɗe masa ƙofa. A 2002 aka kashe wannan saiti, register_globals, a 2012 aka cire shi ɗungurungum. Abin da ya maye gurbinsa shi ne su $_GET da $_POST, waɗanda sunansu kaɗai yake shaida cewa wannan daga waje ya zo, a bincika kafin a yarda. Gyaran bai hana baƙo magana ba, ya dai sa kowace magana ta zo da alamar inda ta fito.

To nauyin yana wuyan wa? Sanusi ya tsananta a kan taƙlidi a aƙida, wasu masu bin littattafansa a ƙasar Hausa kuma suka wuce gona da iri har suna kafirta talakawan da ba su iya kawo hujjojin ilimin kalam ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi musu raddi a rubuce-rubucensa, ya kare imanin gama-garin mutane. Wannan matsayi nasa shi ne adalci a nan ma. Direban da ya tsaya tsakanin In Guezzam da Tamanrasset ya yi salla da abin da wayarsa ta nuna ya yi iya ƙoƙarinsa, ba wanda zai ce sai ya san lanƙwasar haske. Ba mai iya bincika komai, saitin asali kuma sauƙi ne ga mutane. Amma uzurin da aka yi wa direba bai kai ga wanda ya rubuta manhajar ba. Shi ya zauna a mazaunin mai ba da labarin lokaci, aikin da a da ake ba amintaccen mutum mai sanin taurari da inuwa. In ya kwafo lissafi daga intanet bai san ko 18 ce a ciki ko 15 ba, ya sake shi ga dubban mutane, ya yi sakaci da amana ko da rubutunsa bai taɓa tsayawa ba. Abin da ake nema gare shi ba shi da yawa: ya nuna a fuskar waya garin da aka yi lissafi dominsa, da tsarin da aka bi, da mazhabar la'asar, ya bar mai waya ya canza, ya kuma faɗa a fili cewa in jadawalin hukumar gari ko kiran ladani ya saɓa da nasa, nasu ake bi.

Akwai kuma aikin da ya wuce gyaran manhaja ɗaya. Yawancin waɗannan jadawalai a buɗe suke ga mai son ba da gudummawa. Kundin yankunan lokaci da Arthur David Olson ya fara, wanda Paul Eggert yake kula da shi, a bainar jama'a ake tattauna gyaransa. Kundin harsuna na Unicode ya san Hausar Najeriya da ta Nijar da ta Gana, masu harshen ne kuma suke cika shi. Lambar alfijir ma ba a rufe ƙofarta ba, domin abu ne na gani da ido, gani kuwa yana son duhu da busasshiyar iska. Kaɗan ne wurare a duniya da suka kai Ahaggar waɗannan biyun. A Assekrem, sama da mita 2,700, akwai tashar auna iska da ke aika bayanai ga hukumar yanayi ta duniya, hanya da masauki duk akwai. Malaman fiƙihu da suka san siffar alfijir na gaskiya, da ɗaliban kimiyya masu kyamara da agogo, za su iya fita tare cikin sanyi da bazara, su rubuta mintin da farin ya bazu kowace asuba, su wallafa abin da suka gani tare da kwanan wata da yanayin sama, yadda takwarorinsu a Agadas da Katsina za su maimaita gwajin a nasu sararin su kwatanta.